Kunnena ya yage, maigida ya ce wa ke gani

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, 'ya'yana biyu. Shekara biyu da suka wuce ina shayar da ɗana na fari, ya zura yatsa cikin ɗan kunnena na hagu ya fizga, fatar ta tsage har ƙasa. Na danne da tsumma jini ya tsaya, ban je asibiti ba. Haka ya warke a rabe biyu kamar kofaton akuya. Na dama bai yage ba, amma hujin ya ja ya yi tsawo saboda 'yan kunnen zinare masu nauyi da surukata ta sa min a lefe, saura ƙiris shi ma ya ƙarasa. Tun daga lokacin ban ƙara zare ɗankwali a cikin mata ba, ko kitso sai na daidaici lokacin da babu kowa. Na ce wa maigida ina so a ɗinke min, ya yi dariya ya ce wa ke ganin kunnena. Hajiyarsa ta ce canza halitta ne, in rungumi ƙaddara. Ƙawata kuma ta ce akwai mai kemis a unguwarsu da ke ɗinkewa da araha, ba sai kowa ya sani ba. Bikin ƙanwata saura sati biyar, ga goyon 'yar wata bakwai. Abin da ke ɗan ba ni tsoro, yayata ta taɓa ƙara huji na biyu, wurin ya yi mata tsiro kamar gyaɗa, yana nan har yau. In je wurin mai kemis ɗin a ɓoye, ko in haƙura?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ina jin dariyar nan ta fi yagewar kunnen yi miki ciwo. Shekara biyu mace tana ɓoye kanta a cikin 'yan uwanta mata, tana leƙen gidan mai kitso ta ga ko an watse, ba abin dariya ba ne, kuma ba ki yi laifi ba da abin ya dame ki. Hanya biyu kika shimfiɗa min, mai kemis ko haƙuri, ni kuwa ba zan ɗora ki a kan ko ɗaya ba. Kunnenki yana gyaruwa, aikin ma ƙarami ne a wurin masu shi. Sai dai akwai wata magana da kika jefo a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai, zan zo kanta.

Bari in fara raba ki da mai kemis, domin na ga zuciyarki ta fi karkata can. Ki tsaya gaban madubi ki buɗa tsagar nan da yatsu biyu. Za ki ga kowane ɓari ya rufe kansa da fata sumul, kamar gefen yatsa. To fata mai lafiya ba ta mannewa da 'yar uwarta. Ki ɗaure yatsunki biyu da zare wata guda, ranar da kika kwance a rabe za ki same su. Haka tsohuwar tsagar kunne take. Wanda ya zura allura ya haɗe bakin biyu yadda suke, ranar da aka cire zare za su koma inda suka fito, ga ƙarin huhhujin allura da tabo. Aikin gaskiya shi ne a fere fatar da ta rufe bakin tsagar, siririya ƙwarai, a mayar da wurin sabon rauni, sannan a daidaita gaba da baya a ɗinke da zare mai siranta kamar gashi. Wurin da gwaninta take shi ne can ƙasa, a gefen kunnen. Tabo idan yana warkewa yakan tsuke, in ba a lissafa da wannan ba sai gefen ya lotsa ciki, kunne ya zauna da ɗan giɓi kamar an gutsura. Shi ya sa likitocin wannan fanni wani lokaci ba sa yin ɗinkin a miƙe, sukan karkata yankan a ƙasa ya yi zikzak ko ya yi kwana, don tsukewar ta rarrabu. Mai kemis aikinsa sayar da magani ne. Ko da hannunsa na da kyau, ba shi da tukunyar da asibiti ke turara almakashi da wuƙa a ciki, kuma ta irin waɗannan kayan ne ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki ke tsallakawa daga wani zuwa wani. Fatar ƙasan kunne 'yar mitsitsiya ce. Abin da ya yanke ya zubar ba ya dawowa, likitan da za ki je wa daga baya da ragowar zai yi aiki. Kada garin neman gira a rasa ido. In kuma wata ta ce miki a ɗiga gam ɗin sufa gulu, ki ce mata ta gode.

A asibiti ba kwanciya ake yi ba, ba a kuma sa ki barci. Wannan sashe na kunne babu guringuntsi a cikinsa, fata ce da ɗan kitse. Za a wanke wurin, a zana layi da alƙalami, a yi miki allurar kashe zafi a kunnen kaɗai. Tsinin allurar da ɗan raɗaɗin maganin su ne iyakar abin da za ki ji, bayan minti kaɗan wurin zai yi ɗim kamar ba naki ba. Kunne ɗaya yakan ci kamar rabin awa, biyun kuwa awa ɗaya ko sama kaɗan. Ki tashi da ƙafarki ki koma gida da ɗan filasta. Bayan sati ɗaya zuwa biyu a cire zare. Allurar da aka fi amfani da ita, lidoken, ba ta hana shayarwa, amma ki faɗa musu kina goyo saboda magungunan da za su rubuta miki na sha. Na daman nan ma ki nuna shi a zama ɗaya. Hujin da ya ja har ya kusa ƙarasawa yadda ake gyara yagagge ake gyara shi, kuma gara a yi su tare da ki sake buɗe kati da bin layi baɗi.

Yanzu ga maganar yayarki. Wannan tsiro mai kama da gyaɗa likitoci na kiransa kiloid. Tabo ne da bai san ya tsaya ba: rauni ya warke amma jiki ya ci gaba da tara nama, har ya wuce iyakar inda ciwon yake. Yakan yi ƙaiƙayi, yakan yi tauri da sheƙi, wani ya tsaya kamar wake, wani ya kai girman goro yana lilo. Ya fi kama mu baƙar fata, yana bin jini a dangi, kuma ƙasan kunne na cikin wuraren da ya fi so, tare da ƙirji da kafaɗa da bayan wuya. Muguntarsa, in aka yanke shi kawai aka ɗinke, sau da yawa yana dawowa, wani lokaci ya fi na da girma. Ɗinkin kunne kuwa sabon rauni ne da za a yi miki da gangan. Kin ga dalilin da ya sa na ce wannan layi na wasiƙarki ya fi tsaya min.

Amma kada hantarki ta kaɗa. Jikinki ya riga ya ba da shaida mai kyau: an huda ki kina jaririya, kunnen ya yage kina babba, ya warke babu ko magani, bai yi tsiro ba. Wannan alama ce mai kwantar da hankali, ko da yake ba rantsuwa ba ce. Daren nan ki duba sauran tabban jikinki da kyau: tabon rigakafin tarin fuka (BCG) da ke dantsenki, inda kika taɓa ƙonewa a kicin, kurajen ƙirji ko na baya, in an taɓa yi miki aiki wurin haihuwa ki duba layin. Suna kwance daidai da fata, ko akwai wanda ya taso ya yi kauri? Abin da kika gani ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaye ki, ki ɗauki hoton kunnen yayarki a waya, da izininta, ki nuna masa. Mai haɗarin kiloid ba a cika hana shi aikin kai tsaye ba, shiri ake canzawa. Akwai allurar da ake yi a cikin tabon, tirayamsinolon, wadda ake maimaitawa kamar bayan sati huɗu zuwa shida, akwai 'yar maƙala mai danne wurin da ake sawa na watanni, akwai kuma man silikon. Allurar takan ɗan kodar da launin fata a wurin, ki sani tun yanzu. Idan likita ya duba ki ya ce haɗarin ya yi yawa, gara a bar shi, ki saurare shi. Tsagar da ɗan kunnen maƙalawa ke rufewa ta fi tsiron da ba abin da ke rufe shi. Yayarki ma ki ja ta ku tafi tare, nata yana da magani.

Batun biki kuwa, ki cire shi daga lissafi. Ko gobe aka yi aikin, ba za ki sa ɗan kunne a huji ranar kamun ƙanwarki ba, domin ba a sake huji sai wurin ya yi ƙwari, mafi ƙaranci sati shida, likitoci da dama ma sun fi son a kai wata uku. Ba kuma za ki matse ɗanyen ɗinki da na maƙalawa ba. Ke nan za ki shiga hidimar biki da jan tabo, ga zufa, ga ɗaurin ashoke da ke danne kunne, ga rungumar dangi, kuma babu ɗan kunnen. Ki bari a kai amarya tukuna. Na bikin, ki nemi ɗan kunnen maƙalawa mai faɗin fuska marar nauyi, irin mai kamar fure, wanda zai kama ɓari biyun ya rufe tsagar. Ki gwada shi a gida yini guda kafin ranar, in yana cizo ki canza. Na daman ma kada ki zura masa komai a huji, ki maƙala masa ɗan uwan.

Hajiya ba da mugunta ta yi maganarta ba, ina kyautata zaton tsoron Allah ne. Ayar da ke zuciyarta tana Suratun Nisa'i, aya ta 119, inda Shaiɗan ya yi alwashin sa mutane su canza halittar Allah. Sai dai ki lura, Allah bai halicce ki da tsagaggen kunne ba. Yatsan yaro ne ya tsaga shi, ke kuma kina so a mayar da shi yadda aka haife ki. Malamai sun daɗe da rarrabe tsakanin ƙarin kyau da kawar da aibi, hujjarsu kuma sananniya ce: sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun kawo shi. A zamaninmu ma, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya cikin 2007, ta halatta aikin da ake yi don gyara abin da haɗari ko ƙuna ko ciwo ya ɓata. Karɓar ƙaddara da neman magani ba sa karo, ita kanta Hajiya in ta karye mai ɗori za a kira. Amma don Allah kada ki tsaya gabanta kina jero mata hadisai, suruka ba ta son karatu daga bakin matar ɗanta. Ki bari ɗanta ya kai mata, ko malamar Islamiyyar da take ganin girmanta. Ina kuma zargin akwai wani abu a ƙarƙashin maganar tata: zinarenta ne ya ja miki kunnen dama, in kin ce nauyinsa ne sila, za ta ji kamar kyautarta kika aibata. Ki kiyaye harshenki a nan. A gabanta laifin na jikanta ne, shi kuwa ba mai iya yi masa fushi.

Maigida fa? "Wa ke gani" magana ce ta namijin da bai taɓa zama a gidan suna ya ga yadda mata ke ƙare wa juna kallo daga kai har ƙafa ba. Mai yiwuwa ma a nasa tunanin lallashi ya yi, yana nufin shi bai dame shi ba, ke kuma kika ji raini. Ko kuma kalmar "tiyata" ce ta faɗo masa a rai, ya hango gadon asibiti da kuɗi masu yawa, ya rufe maganar da dariya. Ina tambayarki: kin taɓa gaya masa abin da kika gaya min? Ya san shekara biyu ba ki zare ɗankwali a cikin mata ba? Yawancinmu "ina so a ɗinke min kunne" muke cewa, mu haɗiye sauran, sannan mu ji haushi ba a fahimce mu ba. Ki samu daren da yara suka yi barci, ba ranar da ya dawo da gajiyar kasuwa ba, ba kuma ƙarshen wata da aljihu ya bushe ba. Ki ce masa, "Abban yara, ranar da ka yi dariyar nan na ji ciwo. Ni ce nake gani, kullum da safe." Daga nan ki ba shi abu a hannu: awa ɗaya ne, ba kwanciya, ga abin da asibiti suka ce zai ci. Maza sun fi saurin amsa lissafi a kan kuka. Ɓoye masa kuwa ba zai yiwu ba ma, filasta a kunne ba ya ɓuya ga wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, kuma in abu ya ɓaci a hannun mai kemis, laifi biyu za ki ɗauka.

Idan da gaske kuɗin ne babu, dubi akwatinki. 'Yan kunnen nan masu nauyi ba za ki sake sa su ba har abada, ko an gyara kunnen, domin wurin da aka ɗinke ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Zinare da giram ake sayensa. Ki kai wa maƙerin zinare ya auna, ki sake aunawa a wani shagon, a ƙera miki ƙanana marasa nauyi daga ciki, rarar ta biya asibiti. Kayanki ne, amma ki sanar da maigida, shi kuma ya san yadda zai faɗa wa Hajiya cewa kyautarta tana nan, an dai rage mata nauyi ne. Ba mamaki jin za a taɓa zinaren gyatumarsa ya sa kuɗin su fito daga inda ba ki zata ba. Na sha ganin haka.

Wurin zuwa, ki nemi likitan tiyatar gyaran jiki ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Ba ki faɗi garinku ba. Akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Kaduna kuma tana da cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Zuwan farko na dubawa ne kawai. Ki tambayi kuɗin gaba ɗaya, da na kati da na magani da na cire zare, da na allurar kiloid in za a buƙata, don kada a riƙa tsinko miki su ɗaya bayan ɗaya. Ki tambaye shi ko ya saba yin irin wannan, babu rashin kunya a ciki. In kina da ciwon suga, ko kina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko jininki na daɗewa bai tsaya ba, ko kina zaton shigar ciki, ki faɗa. Mai ciki jira take yi sai ta sauka. In kuma kina shafa man bilicin, ki faɗi gaskiya, da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana rauni saurin haɗewa.

Ki yi kitsonki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ƙanana da za su daɗe, don kada mai kitso ta riƙa lanƙwasa miki kunne da ɗanyen ɗinki. Ki tanadi hijabi mai sakin fuska, ɗankwali kuma a ɗaura shi sama da kunne. Kwana biyun farko kada ruwa ya taɓa wurin. Alwala ba za ta gagara ba: shafar kunne sunna ce a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma shafa a kan filasta ya halatta ga mai rauni, haka ma a wanka. Ki kwanta rigingine in duka biyun aka yi. Ban da man zafi, ban da toka, ban da duk wani haɗin da maƙwabciya za ta kawo, sai abin da likita ya ba ki. In wurin ya ƙara ja da kumburi bayan kwana biyu ko uku, ko ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ki koma a ranar. Tabon zai yi ja ko duhu da ɗan tauri na wasu watanni kafin ya kwanta, wani sai ya kusa shekara. Amma in kin ji ƙaiƙayin da ba ya tsayawa, kika ga layin yana tasowa yana faɗaɗa, ko da bayan wata shida ne, kada ki jira ya kai gyaɗa, da wuri allurar ta fi cin sa.

Sabon huji kuma ba a kan tabon ake yi ba, ana ɗan gusawa gefe ko sama kaɗan, kuma ki bari a asibitin a yi miki. Akwai salon ɗinki da wani likita mai suna Pardue ya bayyana tun 1973 wanda ke barin ƙofar huji a lokacin aikin, amma mai tarihin kiloid a gida ba ta da dalilin gaggawa. Ni da zan zaɓa miki, sai in ce ki jira har 'yar nan ta wuce shekarun fizga. Wata bakwai ne fa, yanzu ne hannunta ya fara kai wa duk abin da ke ƙyalli, kuma kin riga kin san aikin wanta. In lokaci ya yi, ɗan manne ƙarami na zinare ko azurfa mai kyau, a cire shi kafin barci, masu zobe da masu lilo kuwa ki bar wa amarya. Idan Allah ya kiyaye na daman ya ƙarasa yagewa kafin ki kai ga likita, ki danne da tsabtataccen ƙyalle ki tafi asibiti a cikin awannin farko, a duba ko za a ɗinke nan take, a kuma yi miki allurar tetanus in ta daɗe.

Ki fara da duba tabon dantsenki yau da dare, gobe ki kira yayarki ki ce ta turo hoton kunnenta. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba amarya zaman lafiya. Bayan an cire zare ki rubuto min, ina son jin abin da Hajiya ta ce.